Tafiya a Jirgin Ƙasa da Jika

Da yawa daga cikinmu masu zuwa ajin yaƙi da jahilci mun yi jikoki. Wata rana ɗanmu zai ce, "Baba, tun da za ka Kaduna, ka tafi da yaron nan wajen gwaggonsa." Ko kuwa 'yarmu ta aiko daga birni ta ce, "Inna, ki zo mini da yarinyar nan ta yi hutu." To, ran nan kaya iri biyu ne a kanmu. Akwai wanda muka ɗaure da igiya, akwai kuma mai ƙafa biyu. Na farkon inda aka ajiye shi nan za a same shi. Na biyun kuwa sai an yi da gaske. A kansa za mu yi magana yau.

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1911 ya fara shiga Kano, ta hanyar da ta taso daga Baro a bakin Kwara. A 1912 aka soma tafiya daga Kano har Ikko. Da fari in an zo Jabba sai a ɗora taragu a kan jirgin ruwa a ƙetare da su, sai a 1916 aka gama gada. Dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai a 1964. Daga Kano zuwa Ikko kamar mil 700 ne, watau fiye da kilomita 1,100. Wannan tsohuwar hanya ta lalace, aka gyara ta, jirgin fasinja ya koma aiki a ƙarshen 2012. A lokacin nan tafiyar takan ci fiye da awa talatin. Amma aikin bai ɗore ba, yakan tsaya ya daɗe. Saboda haka kada mu ɗaura kaya sai mun aika an tambayo a tasha.

Akwai kuma sababbin hanyoyi, masu dogo mai faɗi da jirgi mai sauri. Ta Abuja zuwa Kaduna an buɗe ta a 2016, kilomita 186, daga tashar Idu zuwa tashar Rigasa. Ta Itakpe zuwa Warri a 2020, kilomita 326. Ta Ikko zuwa Badun a 2021, kilomita 157. Waɗannan tafiyar 'yan awoyi ce. Amma mu tuna, mutumin ƙauye tun asuba ya bar gida, ya hau babur, ya hau mota, kana ya iso tasha. Yaron da ke hannunsa ya riga ya gaji tun bai ga jirgin ba.

Wasan kaka da jika

Abu na farko ba a jaka ake sa shi ba. Mun san yadda muke da jikokinmu. Tsohuwa tana kiran jikanta "mai gidana", tana kiran jikanyarta "kishiya". Tsoho kuma jikanyarsa "amarya" ce. Jika ya ja gemun kakansa, ya ɓoye masa carbi, a yi dariya. In uba ya ce "zauna", yaro ya zauna. In kaka ya ce "zauna", sai yaro ya ruga a guje, don ya san wasa ne. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

A tsakar gida wannan ba laifi. A bakin dogo kuwa yana iya kashe yaro. Jirgi ba kamar mota ba ne. Ƙafarsa ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gudu, ga nauyi. In yana cikin gudu direba ya taka birki, yakan yi tafiyar da ta kai kilomita guda kafin ya tsaya. Ba ya kuma iya kaucewa dama ko hagu. Ko direba ya hangi yaro a kan dogo, abin da zai iya kaɗan ne.

Don haka tun ana saura kwana biyu a zaunar da yaro a gaban ubansa ko uwarsa. Su ne za su faɗa masa da bakinsu: "Daga nan har ku isa, maganar Kaka maganata ce. In ta ce tsaya, ka tsaya." Kaka kuma ta ƙara da nata: "Mai gida, wasa sai mun sauka. In mun isa ka rama." Yaro ɗan shekara huɗu yana gane wannan, in an faɗa masa ba da dariya ba.

Takardar aljihu

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A sami takarda mai kauri, ko a yanki kwali. A rubuta sunan yaro da na ubansa, da sunan garinsu, da inda za a kai shi. A rubuta lambar waya biyu, ta wanda aka baro a gida da ta wanda zai tarye mu. A sa takardar cikin 'yar leda don gumi ko ruwa, a cusa a aljihun yaro, a kama bakin aljihun da fil ko a ɗinke shi da zare biyu. In rigar ba ta da aljihu a ɗinka daga ciki. Kada a maƙala a waje inda kowa zai karanta, gama mugu in ya san sunan yaro sai ya kira shi kamar ɗan'uwa.

Mu ma mu riƙe irinta a jikinmu. Wani zai ce, ai lambobin suna cikin waya. Gaskiya ne, amma waya tana mutuwa, tana faɗuwa, ana kuma sace ta. Takarda ba ta bukatar caji.

Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya kawo kwalin aji, malami ya rubuta a allo, shi kuma ya kwafa da kansa. Ya fi kyau mutum ya rubuta da hannunsa, don abin da ka rubuta za ka iya karanta shi in an tambaye ka. A lura da lambobi ƙwarai. Lambar waya a Nijeriya guda goma sha ɗaya ce. A ƙirga su da yatsa. In ɗaya ta faɗi, ko 6 ta koma 9, takardar ta zama banza.

Ban da wannan, uban yaro ya rubuta 'yar wasiƙa, ya ce ya yarda wane ko wance su tafi da ɗansa wuri kaza, ya sa hannu da lambar wayarsa. In akwai takardar haihuwa a ɗauki hotonta a haɗa. Dalili kuwa, ana satar yara, ma'aikata suna sa ido. In suka ga tsoho da ƙaramin yaro yana kuka yana kiran uwarsa, suna iya tambaya. Kada mu yi fushi. Domin 'ya'yanmu suke yi. A miƙa wasiƙa, magana ta ƙare.

Yaron da ya iya magana a koya masa sunan ubansa na yanka, da sunan kakan da ke tare da shi. Yara da yawa in an tambaye su sunan kakarsu sai su ce "Kaka", ko "Hajiya". A jirgi guda kuwa Hajiya ta fi hamsin.

Guzuri

Ruwa ne gaba da kome. A ɗauki wanda aka amince da shi daga gida, fiye da yadda ake zaton za a sha, gama jirgi yana iya tsayawa a daji inda ba rijiya ba kanti. Abinci kuwa a zaɓi busasshe: gurasa ko burodi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, dambun nama, kilishi. Ayaba da lemo suna da kyau, don a cikin ɓawonsu suke, hannun kowa bai taɓa cikinsu ba. Dafaffen ƙwai a cinye shi da wuri. Alala da ɗanwake da shinkafa da miya ba su jure zafi, kafin la'asar sun juya. Fura da nono ma haka. Gyaɗa da aya kuwa kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba, don jirgi yana girgiza, tana iya sarƙe shi.

Kaka tana da saurin tausayi. Duk mai tallan da ya wuce, jika ya nuna, ta saya. Nan ne cikin yaro yake ɓaci. Gudawa a gida wahala ce, balle a hanya. A sayi ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku a sa a jaka. Ƙunshi ɗaya ana zuba shi a ruwa yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ruwan leda biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, yawansa cuta ne. In an sauka a kai shi asibiti.

Akwai wani abu da waɗansu ke yi, muna roƙo a bari. Suna ba yaro maganin mura ko na barci don ya yi shiru a hanya. Wannan ganganci ne. Yaron da aka bugar da magani ba ya tashi ya sha ruwa, ba ya kuma iya faɗin abin da ke damunsa.

Sauran kaya kaɗan ne: buta, sabulu, tsumma, leda ta zuba shara, tufafin canji biyu, tocila, da zane ko ƙaramin bargo. Taragun sababbin jirage suna da na'urar sanyaya ɗaki, tagoginsu a rufe suke. Yaron da ya shigo da gumi yana iya fara rawar ɗari, saboda haka a sa rigar sanyi kusa, ko da bazara ce. Kaka kuma kada ya manta nasa maganin, na hawan jini ko na sukari, ya sa a aljihu, ba a ƙasan buhu ba. In tsoho ya faɗi, yaro ba shi da kowa.

Duk kayan nan a yi dabara su bar mana hannu ɗaya sake. Wannan hannu na jika ne. In kaya sun fi haka, a rage, ko a biya ɗan dako.

A tasha

A je da wuri, awa guda kafin lokaci ko fiye. Tashar Rigasa a gefen Kaduna take, ta Idu ma a gefen Abuja, sai an ba hanya lokacinta. Ana duba kaya a ƙofa, ana duba tikiti. Tsoho da yaro ba su iya tsere da samari.

A hanyar Abuja da Kaduna tun 2021 ake sayar da tikiti ta waya. Wanda bai iya ba, ɗansa ya saya masa tun kafin ranar. Ran 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka kai wa jirgin wannan hanya hari da dare, suka kashe mutane, suka sace waɗansu. Aka tsai da jirgin sai a Disamba na shekarar ya koma aiki, aka kuma ce mai sayen tikiti ya kawo lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa. To, a riƙe katin a jiki. A sayi tikiti da sunan wanda zai yi tafiyar, kada a karɓa a hannun 'yan bayan fage. A faɗi shekarun yaro na gaskiya. Rage masa shekara don a rage kuɗi yana jawo kunya a gaban jikan da muke koya wa gaskiya. In kuwa da zaɓi, mu ɗauki jirgin safe, mu isa da rana tsaka.

A jikin tikiti akwai lambar tarago da lambar kujera. A karanta su tun ana zaune, a nuna wa yaro shi ma. In jirgi yana shigowa a ja baya daga bakin dakali, a riƙe yaro a wuyan hannu, ba a yatsu ba, don yatsu suna zamewa. A bar masu sauka su sauka. Tsakanin dakali da matakalar jirgi akwai rami, ƙafar yaro tana shiga. Ƙarami a ɗauke shi cak. Yarinyar da za a iya goyawa a goya ta, ko tana cewa ita ta girma. Kada a miƙa yaro ga wanda ba a sani ba ya shiga da shi, mu kuma mu koma ɗauko kaya. Yaro da kaka tare suke shiga, kaya su biyo baya.

Lokacin da jirgi ya tsaya

Mutane suna tsammani hatsari yana cikin gudun jirgi. A wajen mai yaro ba haka ba ne. Muddin jirgi yana tafiya, yaro yana cikinsa, ko ya ɓuya za a gan shi. Sa'ad da ya tsaya ne ƙofa ke buɗewa, waɗansu su fita, waɗansu su shigo, hankalin kowa ya koma kan kayansa. A nan ake rabuwa.

Bari mu bayyana wani abu. Yawancin hanyoyinmu dogo ɗaya ne. Jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya taso daga arewa ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi wa dogon reshe. Wanda ya riga isowa sai ya jira. Shi ya sa wani lokaci jirgi yakan tsaya minti biyu, wani lokaci ya shafe awa guda. Fasinja ba shi da hanyar sanin wanne ne. Sai mutum ya ga an daɗe, ya ce bari in sauka in yi alwala, ko in sayo wa yaron nan rake. Yana cikin karɓar canji sai ya ji usur. Ga tsufa, ga gwiwa. Jirgi ya tafi da jika, kaka yana dakali riƙe da rake.

Saboda haka dokarmu ɗaya ce: mai jika ba ya sauka sai a tasharsa. Abin da za a saya a bari, ko a roƙi wani saurayi ya sayo. Salla kuwa, addini ya yi wa matafiyi sauƙi, akwai kasaru. A tambayi malami hukuncinta tun a gida, don kada a rikice a hanya.

A zaunar da yaro ta wajen taga, kaka ta wajen hanya. Ta haka ba zai fita ba sai ya tsallake mu. A tsohon jirgi mai buɗaɗɗiyar taga kada a bar shi ya leƙa kai ko ya miƙa hannu, akwai rassan itace da ƙarafan gada. Makewayi tare ake zuwa, ko yana da shekara takwas. Kada a bar shi ya sa sakata daga ciki, yara da yawa suna iya rufewa ba su iya buɗewa. Mahaɗar tarago da tarago kuma ba wurin wasa ba ne, ƙarafan wurin suna motsi suna matse ƙafa.

Sai barci. Jirgi yana jijjiga mutum kamar goyo, tsoho kuwa ba ya wuyar gyangyaɗi. Ba za mu ce kada a yi barci ba, don ba mai iyawa. Amma a ɗaura gefen zane ko rawani a hannun rigar yaro, ɗaya gefen a hannunmu, yadda in ya motsa za mu ji. A wuya kam ko kusa. A kuma yi sabo da maƙwabcin kujera tun da fari, a gaisa, a miƙa goro, musamman mace mai 'ya'ya. A ce mata, "Baiwar Allah, in na gyangyaɗa ki sa mini ido a kan yarinyar nan." Sa ido muka roƙa, ba mu ce ta tafi da ita ko'ina ba.

In kuwa duk da haka aka duba babu yaro, kada a tsaya jin kunya. A ɗaga murya a faɗi kamanninsa da launin rigarsa. Shi ya sa yake da kyau a sa masa riga mai haske, ja ko rawaya. A gaya wa ma'aikacin jirgi ko ɗan sandan da ke ciki nan take, su suna da hanyar magana da tasha. In jirgi ya riga ya motsa kada a yi tsalle, karyewar kaka ba ta dawo da jika. Wanda aka bari a ƙasa ya nufi ofishin shugaban tasha, ya faɗi lambar tarago da ta kujera, a sanar da tasha ta gaba. Shi ma yaro a koya masa tun a gida: in ba ka gan ni ba, tsaya inda kake, nemi mai kayan sarki, nuna masa aljihunka.

Abin kallo

Kada duk wannan ya sa mu ɗaure fuska har mu isa. Yaron da ya sami abin yi ba ya yawo. A nuna masa duwatsu da gonaki da shanun Fulani. A yi masa tatsuniya, ko da rana ce, hanya ta ɗauke wannan doka. Kowace tasha tana da allo mai ɗauke da sunanta da manyan baƙaƙe. A karanta tare: Kubwa, Jere, Rijana. In jikan ɗan makaranta ne watakila ya riga mu, ya yi mana dariya. A bar shi ya yi, wannan wasan ba ya cutarwa. Waɗanda suka bi tsohuwar hanya kuma su ba shi labarinta: Zariya, Kaduna, Minna, da Zungeru inda Turawa suka yi hedkwatar Arewa kafin su koma Kaduna, da gadar Jabba inda ake hango Kwara shimfiɗe, har Ilori da Badun.

In an kusa isa a tashi yaro tun da saura, ya wartsake, a sa masa takalmi, a haɗa kaya a ƙirga su. A bar masu gaggawa su fita, sa'an nan mu sauka, hannu cikin hannu. A tsaya wuri ɗaya a jira wanda zai tarye mu. In wani ya zo ya ce an aiko shi, mu kuwa ba mu san shi ba, a ciro takarda a buga lambar a tabbatar. In an shiga gida an sha ruwa, a buga wa iyayen yaro waya, a ba shi ya gaishe su da bakinsa. Takardar aljihu kuwa kada a yar, a adana ta don ranar komawa.